SHARHI: Wa ke sa hannu a madadin al'umma idan masu haƙar ma'adinai suka iso?

A Baure, kamar sauran garuruwan Masarautar Daura da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, arzikin mutum a saman ƙasa yake: gero, dawa, wake da gyaɗa, sai dabbobin da ke kiwo a gonaki bayan kaka. Da wuya manomi ya tsaya tunanin abin da ke ƙarƙashin gonarsa, amma doka ta riga ta yanke hukunci a kai. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙasar nan. Gonar gado ta mai ita ce, abin da ke binne a cikinta kuwa daga Abuja ake bayar da lasisin haƙarsa.

Batun ya wuce zinare ko farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da ita. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta haɗa har da yashi, tsakuwa da marmara idan don kasuwanci ake ɗibarsu. Ke nan tifar da ke lodin yashi a bayan gari ita ma tana ƙarƙashin wannan doka. A yanzu da gwamnati ke neman ma'adinai su rage mata dogaro da man fetur, babu ƙaramar hukumar da za ta ce abin bai shafe ta ba.

Maƙwabtanmu sun riga mu ɗanɗana kuɗar sakaci. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Bincike ya gano cewa duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gidaje ana daka su ana niƙawa cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, wasu dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Garin Bagega bai ga kuɗin tsabtace ƙasarsa ba sai farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnati lamba ta intanet. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

A Zamfara talakawa ne ke haƙa da hannunsu, dillalai na saye suna wucewa, don haka babu wani babban kamfani da za a kama. Wani zai ce da kamfani mai rajista ne da abin bai kai haka ba. Labarin Arlit a arewacin Nijar ya nuna rajista kaɗai ba ta wadatarwa. Kamfanin COMINAK, wanda Orano na Faransa ke da kaso mafi girma a cikinsa, ya shafe fiye da shekara 40 yana haƙar yuraniyom a ƙasar makiyayan Buzaye. Da aka rufe shi a watan Maris na 2021, ya bar miliyoyin tan na tarkace mai haɗari a gefen gari, kuma mazauna yankin ne za su ci gaba da zama da shi. A wuraren biyu, riba ta yi tafiyarta, ɓarnar ta zauna da masu gari.

Sai dai dokar Najeriya ba ta bar al'umma hannu rabbana ba. Sashe na 100 na dokar 2007 ya ce sai an sanar da mai fili, an kuma samu amincewarsa, kafin a bayar da lasisi a kan filinsa. Sashe na 116 ya wajabta wa mai lasisin haƙa, babba ko ƙarami, har da mai fasa dutse, ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Yarjejeniyar kan ƙunshi tallafin karatu, koyar da sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, ruwa, hanya da kiwon lafiya, kuma ana sake duba ta duk bayan shekara 5. Saboda haka rijiyar burtsatsen da kamfani ya haƙa a ƙauye hakki ne ya sauke, bai kamata a karɓe ta kamar sadaka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin sa hannu. Sau da yawa mai neman lasisi kan wuce manomi ya nufi fadar dagaci ko hakimi, ya fito da takardar amincewa. Ranar da motoci suka iso, sai a tarar masu gonakin ba su san da zancen ba, mata masu ɗibar ruwa da makiyayan da burtalinsu ya ratsa wurin kuwa babu wanda ya tuna da su. Sarakuna iyayen ƙasa ne, kuma shigarsu na da amfani wajen sasanta jama'a. Amma takardar da za ta ɗaure gari na shekaru ta fi ƙarfin a sa mata hannu a zaure ɗaya.

Hana haƙar baki ɗaya ma bai zama magani ba. Gwamnatin Tarayya ta haramta ta a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disamban 2024, kuma a tsakanin nan ba a daina haƙa a ɓoye ba, 'yan bindiga ma ba su ajiye makamai ba.

Abin da ke hannun matasan Baure mai sauƙi ne, kuma lokacinsa kafin a fara aiki ne. Duk wanda ya zo da injin haƙa, a nemi ganin lasisinsa da iyakar filin da aka ba shi. A tambayi wanda ya sa hannu a takardar amincewa. A buƙaci a karanta yarjejeniyar da Hausa a bainar jama'a, a rubuta wanda zai cike ramuka idan an gama, da kuɗin da aka ware domin haka. Doka ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, kuma can ne ya dace a fara kai ƙorafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ɗan takarar kansila ko shugaban ƙaramar hukuma da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi ko ya san adadin lasisin da aka bayar a ƙasar Baure, da sunayen masu riƙe da su.