Jadawalin Sinadarai Ma Karatu Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bara da damina Baba ya kawo buhun takin auduga, ya nuna mini haruffa uku a jikinsa, N da P da K, ya ce, "Kai mai karatu, me aka rubuta nan?" Wallahi shiru na yi. Wani abokina ɗan lise ne ya fitar da ni kunya. Ya ce alamomin sinadarai uku ne da shuka ke ci: naitirojin, fosforas da fotashiyam. Tun ranar nake ganin ya kamata a koya mana wannan fanni a madarasa.

Abin ba wuya. Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar zarra akwai firoton da niwutiron, ilektiron kuma suna kewaye da su. Yawan firoton shi ke bambanta sinadari da ɗan'uwansa: haidirojin 1, oksijin 8, ƙarfe 26. Yadda haruffan Larabci 28 suka ishe mu rubuta kowace kalma, haka sinadarai 118 da aka sani suke ga duk abin da muke taɓawa. Gishirin miya sodiyam ne da kilorin. Kanwar Tafkin Chadi ma akwai sodiyam a ciki, farar ƙasar Figuil da ake siminti da ita kuwa kalsiyam.

A 1869 wani masani ɗan Rasha, Mendeleev, ya jera sinadarai 63 a jadawali, masu hali ɗaya a layi ɗaya, kamar yadda muke tara kalmomi masu wazni ɗaya a Sarfu. Ya bar gurbi ga waɗanda ba a gano ba, har ya faɗi siffofinsu. A 1875 aka gano galiyam, ya zauna daram a gurbinsa.

Wasu za su ce ai wannan boko ne, zai cinye lokacin hadda. To, Jabir ɗan Hayyan da ya shahara a ilimin kimiyya ɗan boko ne? Kuma awa ɗaya muke roƙo a mako, ranar Alhamis da ba karatu. Wanda ya haddace izu sittin, jadawali mai shafi ɗaya ba zai gagare shi ba.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, a duba mana wannan. Iyayenmu a Garwa manoma ne da 'yan kasuwa, kuma mu za su riƙa miƙo wa buhu mu karanta musu.

Wallahu a'alam.