Kwamfutar dala 35: Yadda na'urar 'yan makaranta ta koma hannun masana'antu da masu hannun jari

A watan Disamban 2025 kamfanin Raspberry Pi na Birtaniya ya sanar da ƙarin farashi a kan wasu daga cikin ƙananan kwamfutocinsa. Samfurin Pi 5 mai ma'adanar bayanai mafi girma ya tashi daga dala 120 zuwa 145. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne tsadar ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyaran waya da kwamfuta ke kira RAM. Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke saye da yawa kuma ba sa taya farashi. Abin da ya rage a kasuwa sai ya yi tsada.

Wannan ƙari ya fi ƙarfin labarin ciniki kawai, domin arha ita ce tushen kafuwar na'urar. Eben Upton da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij sun lura cewa ɗaliban da ke neman karatun kimiyyar kwamfuta suna raguwa, waɗanda suka zo ɗin ma ba su taɓa rubuta manhaja da hannunsu ba. Sai suka kafa gidauniya, suka ƙera kwamfuta sukutum a kan allo ɗaya da bai wuce girman katin cire kuɗi ba, wadda yaro zai haɗa da talabijin ya yi ta gwaji ba tare da fargabar lalata kayan gida mai tsada ba. An fara sayar da ita a Fabrairun 2012 a kan dala 35. A 2015 aka fitar da Pi Zero a kan dala 5, har aka manna ta kyauta a bangon mujallar kamfanin.

Sai dai kasuwa ta ga abin da masu ƙirar ba su yi niyya ba. Injiniyoyi suka gano cewa wannan ɗan allo yana iya tafiyar da allunan talla na lantarki, da na'urorin sa ido a masana'antu, da kayan aune-aune iri-iri, kuma ya fi sauƙi a saye shi a kan a zauna a ƙera nasu. A takardun da kamfanin ya gabatar kafin shigarsa kasuwar hannun jari ta Landan a watan Yunin 2024, an nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na na'urorin da yake sayarwa ga masana'antu suke tafiya. An sayar da hannun jari ɗaya a kan fensi 280, aka ƙiyasta darajar kamfanin da sama da fam miliyan 500. Gidauniyar ta ci gaba da riƙe kaso mafi girma, ta kuma samu kuɗin da take gudanar da ayyukan ilimi da su. Amma daga ranar, akwai masu zuba jari da dole a yi wa bayanin riba.

Tun kafin nan an ga inda kamfanin ke karkata idan abu ya yi wuya. A ƙarancin ƙwayoyin lantarki da ya biyo bayan annobar korona, daga 2021 zuwa 2023, ya fito fili ya ce zai fifita ƙananan kamfanonin da sana'arsu ta dogara da na'urarsa. Hujjar tana da ƙarfi, tun da rufe masana'anta na nufin korar ma'aikata. To amma sakamakon shi ne malamai da ɗalibai suka koma ƙarshen layi, 'yan kasuwar bayan fage kuma suka riƙa sayar da allon da ninkin farashinsa. Wanda aka ƙera abin dominsa ne ya fi kowa jira.

A ƙasashen da kuɗinsu ke faɗuwa, tsadar biyu ce. A 2012 dala ɗaya ba ta wuce naira 160 ba, wato dala 35 ba ta kai naira 6,000 ba. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ga kasuwa a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin allon nan guda ya zarce naira 50,000, tun kafin a yi maganar dako da kuɗin fito da caja da katin ajiya. Hakan na da muhimmanci saboda wasu daga cikin ayyukan da suka fi dacewa da makarantun karkara a kan irin wannan na'ura suke tafiya. Manhajoji kamar Kiwix da Kolibri suna ba da dama a ɗora Wikipedia, har da ta Hausa, da littattafai da darussan bidiyo a kan allo guda, ɗalibai su karanta ta wayoyinsu ba tare da intanet ba. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramin farantin sola da batir sun wadatar.

Akwai masu cewa mafita ita ce a koma ga allunan Chaina, irin su Orange Pi da Radxa da Banana Pi, waɗanda galibi ke amfani da ƙwaƙwalwar Rockchip ko Allwinner, kuma sau da yawa suna ba da ƙarfi mai yawa a farashi ƙasa. Matsalar ita ce su ma daga kasuwa ɗaya suke sayen RAM. Sannan inda suka fi rauni shi ne manhaja. Raspberry Pi yana kula da babbar manhajarsa da aka gina a kan Debian, yana sabunta ta har ga tsofaffin alluna, ya kuma yi alkawarin ci gaba da ƙera Pi 5 aƙalla zuwa Janairun 2036. Yawancin abokan hamayyarsa kuwa kan saki allo da manhajar da ba a daɗe ana kula da ita, a bar masu sa kai na ayyuka irin su Armbian da toshe ɓarakar. Makarantar da ba ta da injiniya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Tare da ƙarin farashin, kamfanin ya fito da Pi 5 mai RAM gigabait 1 a kan dala 45, ya kuma ce zai sauke farashi idan kasuwa ta lafa. Wannan allo ya isa koyon rubuta manhaja da sarrafa fitilu da injina, amma da ƙyar zai ɗauki buɗe shafukan intanet na yau da yawa a lokaci guda. Duk hukumar ilimi ko ƙungiyar da ke shirin cike ɗakin kwamfuta da shi, sai ta fara tantance wanne daga cikin ayyukan biyu take so ɗalibanta su yi, kafin ta sa hannu a kwangila.