Azuzuwan zana: Muryar wa sufeton makarantu yake ji?

Duk watan Oktoba, da zarar an koma lakkol a Nijar, sufeton makarantun firamare kan tsinci kansa tsakanin buƙatu masu karo da juna. Yara sun fi ƙarfin azuzuwa. Magajin gari na kukan rashin kuɗi. Iyaye na son a rubuta kowane yaro, malamai kuma ba sa son cunkoso a aji. Sau da yawa maganar kan ƙare da cewa a kafa rumfar zana a ci gaba da karatu.

Wannan shawara na kwantar da hankalin manya, amma a kan yaro take ƙarewa. Ranar 13 ga Afrilun 2021, gobara ta laƙume azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar, aka sake ganin irinta a Maradi, inda yara fiye da 20 suka rasa rayukansu. Bayan nan ne gwamnati ta haramta azuzuwan zana a makarantun renon yara.

Gaskiya ne sufeto ba zai iya cewa kawai a daina kafa rumfuna ba, domin hakan na nufin yara da yawa su zauna gida. Abin dubawa shi ne wanda yake saurare kafin ya yanke hukunci. Malamai na da yajin aiki, ƙungiyar ɗalibai ta USN na da zanga-zanga, magajin gari na riƙe da asusu. Ɗan ajin farko ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Masu magana da yawunsa suna nan: kwamitin COGES da ƙungiyar uwayen ɗalibai ta AME. Bai kamata a riƙa tunawa da su sai ranar neman karo-karo ba. Da su ya dace a zauna tun farko, a tsai da cewa ƙananan yara ne za su shiga ajin gini, a bar tazara tsakanin rumfuna, a buɗe wa kowace ƙofa biyu, masu sayar da abinci kuma su nisanta wutarsu.

Ƴan ci-rani masu aiko da taimako ga makarantun garuruwansu su ma suna da ta cewa. Kafin su tura kuɗi, su tambayi wane aji aka sa ƙananan yara, kuma da wa aka yi shawara.