Darasin Azna na Tawa ga gidajen rediyon Minna

A garin Tawa, cikin ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, wasu samari sun rungumi jitar lantarki tun shekarun 1970, suka kafa ƙungiyar Azna de l'Ader a ƙarƙashin wani gwanin jita da ake kira Mona. Salon Jimi Hendrix na Amurka ya ɗauko, ya aza shi a kan kiɗan gargajiyar yankinsu. Sun yi suna, sun shafe shekaru kusan 40 suna wasa, amma ba su da faifai ko ɗaya a kasuwa.

Abin da ya cece su daga mantuwa shi ne ɗakin ajiya na gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, inda aka naɗi kiɗansu a shekarun 1980. Daga waɗannan tsofaffin zarurruka ne kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Portland a Amurka, ya tsamo waƙoƙin da ya haɗa a faifan Zabaya. Haka aka yi da Mamman Sani, makaɗin ogan na Yamai: abin da ya naɗa a 1978 sai a 2013 kamfanin ya fitar da shi ga duniya.

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da gida, domin a Sakkwato wannan Buzu ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, har ɗaya ta shiga wani faifan haɗaka na Sahel Sounds a 2011. Zuwa 2021 babban kamfanin Matador ne ya fitar masa da Afrique Victime. Ƙaramin sitidiyo na Arewa ne ya buɗe wannan ƙofa.

Minna ce ta fi dacewa ta ɗauki wannan darasi. Gari ne da ya girma a kan mahaɗar jirgin ƙasa, ya tara Gwari da Nufawa da Hausawa da baƙi daga kudu, sannan ya zama hedikwatar Jihar Neja a 1976. Garin da ya haɗa jama'a haka ba ya rasa makaɗa: na biki, na coci, na otal, da ɗaliban da ke haɗa ƙungiya su watse ranar da suka gama karatu. Minna ta san darajar marubutanta. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, kuma littattafansu na nan a hannun jama'a. Shi makaɗi, in ba a naɗi aikinsa ba, ranar da ya ajiye jita shi ke nan.

Wasu za su ce jihar da ke fama da matsalar tsaro da lalacewar hanyoyi ba ta da sararin kula da tsohon kaset. Ƙorafin yana da hujja, sai dai aikin ba na maƙudan kuɗi ba ne: na'urar kunna zare mai lafiya, kwamfuta, da ma'aikacin da ya san abin da yake yi. Jinkirin ne ke da tsada, domin zafi da laimar damina suna cin zaren kaset, kuma wanda ya ruɓe ba ya gyaruwa. Sannan idan aka bari sai baƙo ya zo ya tono, shi zai zaɓi abin da duniya za ta ji.

Don haka ya kamata gidan rediyon jiha da NTA Minna su lissafa duk wani kiɗa da ke ɗakunan ajiyarsu, tun daga waƙoƙin Nufanci irin na Hajiya Fatima Lolo har zuwa na masu jita, su mayar da shi kan kwamfuta tare da sunan makaɗi da shekarar naɗi. Rediyon Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Search FM, ta ware sa'a ɗaya a mako ta gayyaci ƙungiyoyin gari su yi wasa kai tsaye, a naɗa, a ba su kwafi. Duk kuwa faifan da za a sayar, a rubuta yarjejeniyar da ta fayyace kason makaɗin ko na magadansa kafin ya bar ɗakin ajiya.