Da Wa Muke Cin Tuwo Idan Mun Shigo Birni?

 'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, a wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda wasu za su ɗauka ƙarama ce, wato maganar abincin da muke ci idan mun shigo Parakou ko Djougou ranar kasuwa, da wurin da muke cinsa, da kuma mutanen da muke sa hannu tare da su a kwano ɗaya. Mun daɗe muna rubutu a wannan fili a kan burtali da mashaya da takardun shanu. To, a ganinmu wannan ma tana cikin sahunsu, domin mutumin da ba shi da wanda ya san shi a gari, ko da takardunsa sun cika, a tsorace yake kwana.

Duk wanda ya bi ta unguwar Kpebie da yamma, bayan an tashi daga kasuwar shanu ta Tourou, ya san abin da muke nufi. Zai tarar mata sun fito da turame ana kirɓa sakwara, ga miyar gyaɗa tana tafasa, ga wagashi soyayye a faranti, ga wasa-wasa da tubani da shinkafa da wake, can gefe kuma mai tsire yana fifita wuta. Abinci ne irin na gida, ba na otal ba, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. A kan benci ɗaya za ka ga direba da ɗan kabu-kabu da malamin makaranta da ɗalibin jami'a, ana ci ana hira, kowa ya san sunan kowa. To, mu fa? Mu kashi uku ne. Akwai wanda zai wuni da yunwa, ga kuɗin sa biyu a aljihunsa, don kada a gan shi yana ci a bainar jama'a. Akwai wanda zai sayi burodi da gwangwanin kifi ya laɓe a bayan mota. Akwai kuma wanda zai sa a ƙulle masa a leda, ya miƙa kuɗi ba tare da ya ɗaga kai ba. Naman da ke cikin tukunyar nan daga garkenmu ya fito, nonon ma haka, amma mu ne baƙi a wurin cinsu.

Da can ba haka abin yake ba. Tun kafin zuwan Turawa, Djougou babban zango ne a kan hanyar fataken goro, masu tasowa daga Kano da Sakkwato su ratsa ƙasar Bargu su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Ayari ba ya sauka a kan titi. Madugu yana da mai masaukinsa, kuma mai masauki shi ne ke ba da ɗaki, shi ke ajiye kaya, shi ke yin tafinta, daga cikin gidansa kuma ake fito da akushi a ajiye wa baƙi. Da jirgin ƙasa ya iso Parakou daga Kwatano a 1936, garin ya zama mahaɗar kudu da arewa, aka ci gaba da wannan al'ada a zango. Haka kuma take a duk inda Hausawa suka kai shanu. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi a 1969 a kan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda maigida ke ba falke masauki da abinci, sa'an nan ya tsaya masa idan mahauci ya ɗauki shanunsa bashi. Ashe ke nan akushin nan ba don ciki kaɗai aka ajiye shi ba. Shi ne shaidar cewa wannan baƙo yana da mai shi a garin, wanda za a tambaya idan wani abu ya taso.

Amma fa kada mu yaudari kanmu, wannan tuwo ba na banza ba ne. Dattawanmu sun sha ba mu labarin yadda mai masauki, wanda sau da yawa shi ne dillali, zai karɓi igiyar sa ya shige kasuwa, ya bar mai sa a gida yana shan fura, ya dawo ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Wanda ya ci tuwonka kuwa nauyinka yake ji, ba zai iya buɗe baki ya ce ka cuce shi ba. Wannan ne ya sa makiyayan Gogounou suka tashi tsaye tun daga shekarun 1970, har suka kai ga kafa kasuwar da masu dabbobi ke gudanarwa da kansu, inda mai saye da mai sayarwa ke yin ciniki ido da ido, tsofaffin dillalai suka koma shaidu, ana rubuta kowane ciniki a takarda. Wasu kasuwanni da dama sun kwaikwayi wannan tsari, kuma daga wannan yunƙuri ne aka kai ga kafa ANOPER a 2007. Muna goyon bayan wannan gyara ɗari bisa ɗari, ba ma kuma fatan a koma gidan jiya.

Sai dai a wajen zubar da ruwan wanka mun haɗa da wani abu mai amfani. Ga shi kuma zamani ya ƙara nasa. Yanzu ana loda shanu a babbar mota, a ji farashi ta wayar hannu, a karɓi kuɗi ta waya, mutum ya shigo da safe ya fita da yamma bai gaisa da kowa ba. Mun tsira daga dillalin da ke ɓoye mana farashi, amma da yawanmu mun wayi gari ba mu da ko mutum ɗaya a birni wanda zai ce, "Na san shi, ɗan wane ne."

Wannan rashi kuwa bai taɓa yin tsada kamar yanzu ba. A watan Afrilu na 2019 aka sa hannu a kan dokar kiwo ta ƙasa. A watan Disamba na wannan shekara gwamnati ta ba da sanarwar hana shanun ƙasashen waje shigowa kiwo. Tun daga ƙarshen 2021 kuma aka shiga kai hare-hare a yankunan iyakar arewa, sa'an nan a 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar. Duk waɗannan sun taru sun sa ana yi wa duk mai sanda da malfa kallon tuhuma. Ana tambayarsa daga ina ya fito, ɗan ƙasa ne ko baƙo, wa ya san shi. Mutumin da aka haifi kakansa a ƙasar Bargu sai ka ji ana kiransa baƙo.

Bari mu ba ku misali da abin da ya sami wani yaro daga cikinmu. Ya kawo shanun mahaifinsa kasuwa, mota ta lalace, dare ya yi masa a gari. Aka tare shi a hanya, aka ga kuɗi masu yawa a jikinsa, shi kuma harshensa ya ɗaure don tsoro, ga Faransanci ba ya ji. Da aka matsa masa da tambayar wa ya sani, sunan da ya zo bakinsa na wata mai sakwara ne, inda mahaifinsa ya saba zama da shi duk ranar kasuwa. Aka aika aka kira ta. Ta zo da mijinta, ta ce, "Wannan ai ɗana ne, tun yana ƙarami ubansa ke kawo shi wurina. Kuɗin shanu ne, ku sake shi." Wannan baiwar Allah ba Bafulatana ba ce, ba kuma Bahaushiya ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne kwanon da take zuba musu shekara da shekaru. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce. Za su ce filako ya hana, ɗan mutunci ba ya cin abinci a kan hanya kamar wanda ba shi da gida. Muna girmama wannan magana, domin kunya ado ce, kuma ita ta raine mu. To amma a duba. Kunyar da aka koya mana ta gaban surukai ce da manya, da hana kai kwaɗayi da zarin ci. Ba a ce mutum ya wuni a rana tun asuba yana fama da shanu, cikinsa ba komai, har jiri ya ɗebe shi ba. Kuma mai yunwa ba ya iya ciniki, domin hankalinsa yana kan ya sallama ya tafi, mai saye kuwa yana lura da haka. Wanda ba ya son zama a bakin titi, yawancin matan nan suna da rumfa ko zaure daga ciki, in ka nemi a shimfiɗa maka tabarma za a yi.

Wasu kuma za su kawo maganar tsabta da yanka. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjarmu. Wanda ke saye yau nan gobe can, a leda, shi ne bai san abin da yake ci ba. Wanda ya tsayar da wuri ɗaya kuwa ya san mahaucin da ke kawo mata nama, ya ga ruwan da take wanke kwano da shi, yana kuma da bakin da zai yi mata gyara ta ji.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda ta shafi matanmu kai tsaye. Wagashin da ake alfahari da shi a ƙasar nan, har ana kai shi Kwatano tsaraba, aikin hannun matan ruga ne. Su ke dafa madara, su sa mata ruwan tumfafiya ta daskare, su rina ta ja da karan dafi, kuma sai an sami wajen lita 5 ta madara kafin a fitar da kilo 1. Amma a birni yana fuskantar kishiyoyi. Ga awarar waken suya mai araha, ga kuma madarar gari ta buhu da ake shigowa da ita daga Turai, wadda kuɗin kwastan da ƙasashen CEDEAO suka sa mata tun 2015 kashi 5 ne kacal cikin 100. A wannan shekara ce kuma Turai ta cire wa manomanta ƙa'idar yawan madarar da za su tatsa. Wani nau'in ma an cire masa man shanunsa an maye gurbinsa da man itatuwa. Da irin wannan gari ake dama yawancin abin da ake sayarwa da sunan nono a manyan garuruwa. Saboda haka ne ƙungiyoyin makiyaya na Afirka ta Yamma suka fara gangamin kare nonon gida a 2018. To, ina amfanin mu yi ta kuka a taro, alhali kuwa mai abincin da za ta iya sayen wagashinmu da man shanunmu duk mako ba ta ma san sunanmu ba? Ciniki a wurin sabo yake farawa. In muna cin nata, ba za ta ji nauyin sayen namu ba, mu ma ba za mu ji nauyin tallata mata ba.

Don haka ga shawarwarin da muke bai wa 'yan'uwa. Na farko, mutanen kowace ruga ko kowane ƙauye su tsayar da wuri ɗaya da za su riƙa cin abinci a Parakou, da wani a Djougou, su riƙa zuwa tare, a zuba a babban kwano ɗaya kamar yadda ake yi a gida, wannan ya biya yau, wancan ya biya mako mai zuwa. Na biyu, kada mu ci mu kaɗai. A kira mahauci, a kira direba, a kira manomin da ya kawo doya, Babarge ne ko Badande ko Bayarabe, in da hali a gayyaci mai unguwa wata rana. Manomin da kuka sa hannu a kwano ɗaya da shi, ranar da saniyarka ta shiga gonarsa, zai neme ka kafin ya nemi hukuma. Na uku, a riƙa zuwa da yara masu tasowa, a nuna su, a faɗi sunansu da na iyayensu, domin su ne za su riƙa kawo shanu gobe. Na huɗu, kada a manta da yaran da ke kora shanu da masu lodi, waɗanda sau da yawa su ne ke kwana da yunwa bayan an ƙirga miliyoyi a gabansu. Na biyar, wanda ya ci bashin mai abinci ya biya a kan lokaci, domin mutum ɗaya in ya gudu da kuɗin kwano biyu, sunan dukkanmu ya ɓata.

Muna kuma kira ga shugabannin rassan ƙungiyarmu da kwamitocin kasuwanni da su duba yiwuwar ware wani ɗan abu daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba, a riƙa dafa tukunya ɗaya ranar kasuwa domin baƙon da ya zo daga nesa bai san kowa ba. In an gina wurin lodi da rijiya da wannan kuɗi, to, wannan ma aiki ne. Ta haka za mu maido da alherin mai masauki na da, ba tare da mun maido da cutarsa ba.

'Yan'uwa, zumunta a ƙafa take. Ba mu da ikon canja dokar kan iyaka gobe da safe, amma muna da ikon zaɓen inda za mu zauna mu ci tuwo ranar kasuwa mai zuwa. Muna jiran wasiƙunku a kan wannan batu, musamman daga dattawan da suka ga zamanin masu masauki, da kuma iyayenmu mata masu wagashi. Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.