Ku ware kuɗin abincin dare kafin ku hau lilo

 Duk ƙarshen zangon karatu da lokacin bukukuwan Sallah, akwai makarantu da iyalai a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ke shirya wa yara yawon buɗe ido. Wasu kan nufi Kano, su shiga Gidan Zoo na Audu Bako da aka buɗe tun farkon shekarun 1970, su leƙa katafaren kantin Ado Bayero Mall da ke kan titi guda da shi. Masu ƙarin hali kan wuce Abuja, wurin wasan Magicland da a da ake kira Wonderland, kusa da ƙofar shiga birnin. Ga da yawanku wannan ce tafiya ta farko zuwa irin waɗannan wurare, kuma mun san hirar da ake yi a aji ba ta wuce ta lilo da motocin karo da hotunan da za a ɗauka. Yau za mu yi magana a kan abin da ba a cika tunawa da shi ba sai bayan Magariba, wato inda za a ci abincin dare da abin da za a biya.

Me ya sa na dare? Saboda karin safe a gida ake yin sa kafin a shiga mota, na rana kuma guzuri kan ɗauke shi. Na dare ne kan riski mutum a baƙon gari, ga gajiya, ga yunwa, aljihu kuma ya yi sauƙi. Kuma kun san halin da hanyarmu take ciki. Daga Gusau a bi Kwatarkwashi, a wuce Tsafe da Yankara zuwa Funtuwa, ba hanyar da ake bi da dare ba ce a shekarun nan. Duk malamin da ya san abin da yake yi zai sa a kwana a can, a kamo hanya da safe. Ke nan babu zancen a daure a zo a ci tuwo a gida. Dole a ci abincin dare a Kano ko Abuja, dole kuma a biya.

Abu na farko shi ne ku san dalilin da ya sa abinci ke tsada a cikin wurin wasa. Mai sayarwa a ciki yana biyan hayar wuri, sannan ya san wanda ya sayi tikiti ya shigo ba zai so fita neman abinci ba. Ba shi da abokan gasa da yawa, don haka farashinsa yake yankawa. Haka abin yake a ko'ina, har a Amurka inda aka buɗe Disneyland a 1955. Can ma iyalai masu lissafi kan shiga manyan wuraren wasan Disney da ɗan abincinsu daga gida. Saboda haka wanda ya riƙe guzurinsa ba ƙauyanci ya yi ba. Sai dai dokar kowane wuri daban ce, don haka malami ko babban da ke jagorantar tafiyar ya tambaya tun a bakin ƙofa ko ana barin shiga da abinci. In ba a bari, a ajiye shi a mota.

Abu na biyu, kuma shi ne zuciyar maganarmu: a raba kuɗin tun ana gida. Bari mu ba da misali. A ce bayan kuɗin mota da na masauki an ba ki naira 8,000. Ki ware 4,000 na tikiti da lilo, 2,500 na abincin dare, 1,500 kuma na ko-ta-kwana. Na abincin ki ƙulle shi daban, ko ki ba malama ta riƙe miki. Dalili kuwa, a yawancin wuraren nan kowane lilo da kuɗinsa. Ka hau ɗaya ka ji daɗi, abokai su ce a sake, ka ga mai askirim, ka ga mai hoto. Babu wanda ya ƙwace maka ko kwabo, amma kafin La'asar ka ga saura canji. Kuɗin da ke aljihu guda da na lilo, lilo ne zai cinye shi.

Kada kuma ku yi lissafi da farashin da yayanku ya faɗa muku na tafiyar da ya yi shekaru uku ko huɗu da suka wuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi. A kira ɗan'uwa ko wani ɗalibi da ke zaune a garin a ji nawa ake sayar da faranti a wannan makon. Matambayi ba ya ɓata.

To, ina za a ci? Ku fita daga ƙofar, ku ɗan yi nisa da ita kaɗan, don masu sayarwa na bakin ƙofa ma sun san baƙo. Ku tambayi mai gadi, ko direban motarku, ko mai adaidaita sahu: "Baba, don Allah ina kuke cin abinci a nan kusa?" Kada ku ce "ina ne gidan abinci mai kyau", don zai nuna muku inda yake zaton baƙi masu kuɗi ke so. Wanda ke cin abinci a waje kullum da kuɗin guminsa ya fi kowa sanin inda ake ƙoshi da araha.

A Kano ba za ku rasa abin da ya dace da aljihun ɗalibi ba. Akwai garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, akwai ɗanwake, akwai masa da miya, akwai tuwo. Akwai gurasa, wadda unguwar Jakara ta yi suna wajen gasa ta, ana yin bandashe da ita da ƙuli-ƙuli da mai da albasa. Ga teburin mai shayi, inda biredi da ƙwai ko indomi ke raba mutum da yunwa. Tsire da balangu suna da daɗi, amma ƙamshinsu ya fi ƙoshinsu. In kuna so, ku haɗa kuɗi ku saya a matsayin mahaɗi, ku ci da gurasa. A Abuja abin ya fi tsada, musamman a cikin manyan kantuna, don haka masu abinci na kusa da tasha ko kasuwa sun fi dacewa da ku.

In kuma kun yanke shawarar shiga babban gidan abinci mai gilasai da na'urar sanyaya ɗaki, don ku ma ku gani, babu laifi. Amma ku nemi takardar farashi kafin ku zauna, ku tambaya ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da haraji. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari. Farantin naira 3,000 zai koma 3,225. In ku goma ne, ƙarin ya kai 2,250, kusan abincin mutum guda. Wasu wuraren kan ƙara kuɗin hidima a kan haka. Ku tambaya ko nama yana cikin kuɗin farantin ko daban ake lissafa shi, haka ma ruwa da lemo. Tambayar farashi kafin a zuba ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a cinye a rasa na biya. Ku kuma riƙe tsabar kuɗi, don tiransifa kan maƙale in sabis ya ɗauke, mai POS kuma da ladansa.

Araha kuwa tana da iyaka. Abincin da zai kwantar da kai a asibiti ya fi kowanne tsada. Ku zaɓi inda ake zuba abinci da zafinsa, inda mutane ke shiga suna fita, don abincin wurin ba ya kwana. Ku duba ko an rufe kwanuka, ku duba ruwan da ake wanke faranti da shi. Ku guji latas da kabeji da yankakkun 'ya'yan itace da suka wuni a buɗe, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa. Ruwa kuma a sha na leda ko na gora mai lambar hukumar NAFDAC, a tabbatar a rufe yake. A wanke hannu da sabulu, don hannun da ya wuni yana riƙe ƙarfen lilo ya gaisa da ɗaruruwan hannaye. Kuma a ci abinci mai nauyi bayan an gama hawa. Wanda ya cika ciki da ɗanwake ya hau lilo mai juyawa zai ba 'yan ajinsu labarin da za su riƙa tsokanarsa da shi har ya gama makaranta.

Guzurin gida ma na rage nauyi. Mu Zamfarawa muna da hoce, wanda ke jure tafiya. A haɗa da ƙuli-ƙuli, a yi datu da rana, kuɗin abincin rana ya koma na dare. Soyayyiyar gyaɗa da dabino da cincin da garin kwaki da sukari duk ba sa lalacewa a kwana ɗaya. Shinkafa da miya kuwa, ko a kula aka zuba, kada a bar ta ta kai dare a cikin zafin mota.

Akwai wani abu da muke so shugabannin aji su lura da shi. A kowace tafiya akwai ɗalibin da da ƙyar iyayensa suka haɗa kuɗin mota, wataƙila sai da aka sayar da tiyoyin dawa ko wake. In aka shiga wurin da kowa zai yi odar nasa, shi ne zai ce ya ƙoshi, ya koma gefe yana kallon titi. Maganin wannan mai sauƙi ne. Tun a makaranta a yi karo-karon kuɗin abincin dare, a naɗa ma'aji guda cikin maza da guda cikin mata, a damƙa wa malami lissafin. Mai ƙarin hali ya ƙara a asirce. In dare ya yi a sayo a manyan faranti, a zauna a ci tare kamar yadda muke yi a gida. Mai abinci ma ta fi yin ragi in aka ce mata na mutum ashirin ake so. Babu wanda zai san wa ya ba da nawa, babu kuma wanda zai kwana da yunwa.

A ƙarshe, kada kowa ya ware shi kaɗai neman abinci a garin da bai sani ba. A tafi rukuni-rukuni da sanin malami, a ci da wuri tsakanin Magariba da Isha'i, a koma masauki. Wanda ya je ya dawo, ya rubuto mana abin da ya ci da nawa ya biya, domin 'yan bayansa su san yadda za su yi lissafi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya ba jiharmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.