Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Tarayya Kan Gwajin Kilamidiya A Wurin Awo



Mai ciki da ta je awo ana ɗibar jininta don gwajin ƙanjamau da tunjere, amma ba kasafai ake neman kilamidiya ba sai ta yi kukan ƙaiƙayi ko fitar ruwa. To, ita wannan ƙwayar cuta, wadda danginta ne ke haddasa amosanin ido, ba ta cika yin sallama ba: yawancin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamuwa da ita miliyan 129 a duniya a 2020. A ɓoye cutar take hawa ta kumbura bututun ƙwai ta bar tabo, sai ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko haihuwa ta tsaya a shiga zargin kishiya da aljanu. In an haihu kuma, jinjiri kan kwashe ta a hanyar fitowa, kafin suna ko jim kaɗan bayansa ido ya kumbura yana ɗigar da mugunya, wani kuma ya faɗa ciwon huhu kafin ya cika wata uku. Don haka nake roƙon a shigar da gwajinta cikin awon farko, a fara da 'yan ƙasa da shekara 25, kamar yadda ake yi a Amurka.

Za a ce babu kuɗi. Gwajin da tsada, gaskiya ne, amma na'urar GeneXpert da aka baza don tarin fuka tana iya gano kilamidiya cikin minti 90, maganin mai ciki kuwa azitiromaisin ne, giram 1, sha ɗaya. A kwatanta wannan da kuɗin tiyatar bututun da ya fashe da tsakar dare, ga neman jini.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa ba a tabbatar gwajin na rage haihuwar bakwaini ba. Suna da abin kamawa, domin bincike ya nuna alaƙar cutar da fashewar faya da wuri, amma sakamakon yi wa kowa gwaji ya sha bamban. Sai dai idon jinjiri da bututun uwarsa babu gardama a kansu, kuma su kaɗai sun isa dalili. Abin da zai ɓata aikin shi ne a ba mace magani a bar maigida da abokiyar zamanta, ta koma gida ta sake kwasa. Ya kamata umarnin ya haɗa da maganin gida gaba ɗaya, tare da koya wa ma'aikatan awo yadda za su kira miji ba tare da sun kashe aure ba.

Huta lafiya.